Batirin da Ke Aljihun Baba Kafinta

Iskar da ta biyo bayan ruwan asuba ba ta wani daɗe ba, amma kafin ta wuce sai da ta tsaga babban reshen mangwaron gidan Baba Kafinta, ta kwantar da shi a kan rufin ɗakin matarsa. Reshe fa a baki kawai. Da a wani gidan ne, shi kaɗai bishiya za a kira shi. Bai gama rabuwa da uwarsa ba. Gindinsa na maƙale can sama ta wurin tsagar, sauran jikinsa kuwa, da ganye da ɗanyun 'ya'ya, duk sun zube a kan kwanon rufi har ya lotsa.

Inna, matar tasa, tana ciki, a kan gadon da take kwance tun da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu.

Kafin rana ta ɗaga maƙwabta sun cika tsakar gida. Mai Walda, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu, ya shigo da ƙaton ƙarfe a kafaɗa zai ɓalle ƙofar ɗakin, don ta ƙi buɗuwa. Baba Kafinta ya sha gabansa.

"Kada ka taɓa ta."

"Haba Baba, mutum na ciki fa!"

"Na fi ka sani, ai matata ce. Dubi can." Ya nuna katakon saman ƙofar, wanda ya lanƙwasa ya zauna daram a kan ƙyauren. "Ni na kafa ƙofar nan da hannuna. Yanzu ita ke ɗauke da rufin. Kana ɓalle ta, ka sauke wa baiwar Allah ɗaki a ka."

Mai Walda ya ajiye ƙarfensa a hankali. Taga ma ba hanya ba ce: ƙarama ce, ga ƙarafan da shi kansa ya liƙa mata, irin aikinsa na ƙarfi da yake cika baki da shi. Ba wuta ballantana a yanke su, kuma ko an yanke, wa zai zaro mai karayar ƙugu ta wannan ɗan ramin?

Muryar Inna ta fito ta tagar, a natse kamar mai aiken cefane. "Malam, ku rage hayaniya a kaina. Ƙura ce kawai ke zubo mini a zane."

"Babu inda ya taɓa ki?"

"Da sauƙi. An kira Auta?"

An kira ta. Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, mace ce babba yanzu da ɗakinta, tana aiki da wani kamfani da ke sassabe bishiyoyi daga kan wayoyin lantarki. Baba Kafinta bai taɓa zuwa ya ga aikin ba. In an tambaye shi sai ya ce tana aikin kamfani, ya canza magana, don shi har ga Allah bai san yadda zai ce wa mutane 'yarsa bishiya take hawa ba.

Ta iso a bayan wata akori-kura, tufafinta jiƙe sharkaf, ganye maƙale a ɗankwalinta. Tun da gari ya waye suke buɗe hanyoyin da bishiyoyi suka tare. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta leƙa ta taga ta ce, "Inna, gani na zo," sannan ta ja da baya ta tsura wa bishiyar ido, tana zagaya ta, tana ɗaga kai, kamar mai taya saniya a kasuwa.

"Daga baki zan fara," ta ce. "In rage masa nauyi gunduwa-gunduwa. Gungumen ƙarshe sai mun ɗaure shi mun janye shi gefe. Kawu Mai Walda, ka samo mini maza masu ƙarfi, ban da masu surutu."

Ta buɗe doguwar jaka ta zaro zarto. Baba Kafinta ya san injin zarto, wanda ake ɗura wa fetur, a yi ta fizgar igiya ana zufa kafin ya ga dama ya tashi, ya cika unguwa da hayaƙi. Wannan ba tanki, ba igiya. Sai gurabe biyu a bayansa, kusa da juna.

"Baba, taimaka mini. Ga batura nan a aljihun jaka, masu ɗigon jan fenti a gindi. Su kaɗai suka rage da caji, sauran duk sun mutu a hanya. Sa mini su."

"Duka biyun?"

"Duka biyun," ta ce, hankalinta na kan ɗamarar da take ɗaurawa a ƙugu.

To, a nan ne fa. Duk unguwar ba wanda bai san sunan da ake kiran Baba Kafinta da shi a bayan idonsa ba: Ajiye-Ɗaya. In aka ɗinka masa riga biyu, ɗaya zai sa har ta zama raga, ɗayar na ƙasan akwati. Fensir in ya saya, raba shi yake biyu. Injin huda katakon da Auta ta kawo masa shekarun baya da batir biyu ya zo, kuma tun ranar bai taɓa yarda su gaji tare ba: ɗaya na aiki, ɗaya na caji. Da haka ya riƙe gida, da haka ya aurar da 'ya'ya, ba a taɓa ganin ya tsaya tsakiyar aiki yana rarraba ido ba. Mutumin da halinsa ya fisshe shi sau dubu, wa zai gaya masa akwai ranar da halin zai ci amanarsa?

Ya tsaya da baturan a hannu, masu nauyi, sababbi. Zuciyarsa ta ce: yarinya ce, ba ta san duniya ba. A ce abin da ya rage ke nan a duk gidan, a cusa shi gaba ɗaya a inji ɗaya? In suka mutu tana can sama fa? A ganinsa abin a fili yake. Injin zai sha ɗaya ne, in ya ƙare ya koma kan ɗayan. Kafin na farkon ya ƙare an gama aiki. Na biyun cike gurbi ne kawai, kuma cike gurbi ai ko tsoho ya iya.

Ya zame ya shiga shagonsa da ke zaure. Baturan injinsa na huda kamfaninsu ɗaya da na Auta, bakinsu ɗaya. Ya ɗauko wanda ya kwana a caji kafin a ɗauke wuta, ya danna ɗan maɓallinsa, fitilunsa suka kama duka. Tsohon batir haka yake, ya iya nuna cika. Ya tura shi a gurbi ɗaya na zarton Auta, ya tura sabo a ɗayan, kowanne ya ce ƙas. Sabon da ya rage kuwa ya sulala shi cikin aljihun rigarsa, ya ji nauyinsa a cinya, hankalinsa ya kwanta.

Auta ta karɓi zarton, ta duba fitilu ta ga kore da kore, ta rataya shi a ɗamara. Ta kifa hular kwano a kan ɗankwali. Ta wulla siririyar igiya can ƙololuwar bishiyar, ta jawo babba da ita, ta gwada nauyinta a kai, sai ga ta tana tafiya sama.

Ikon Allah. Baba Kafinta ya saki baki. Ba tsani, ba wanda ya ɗaga ta. Ta tura ƙulli, ta taka, ta miƙe, ta sake turawa, jikin bishiyar na wucewa ta gabanta. Da ta kai inda take so, sai ta saki jiki baya ta zauna a kan iska, ƙafafunta a jikin reshe, hannuwanta biyu a sake. Wata mata a bakin zaure ta ce, "Wayyo ni, 'yar mutane!" ta rufe fuska, tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Sannan zarton ya tashi. Ba fizga, ba tari, ba hayaƙi. Yatsa kawai ta matsa, ya ɗauki wata siririyar ƙara mai kaifi, ta ɗora shi a kan reshe mai kaurin cinyar ƙato, ya nutse ya fita ta ƙasa. Tana sakin yatsa ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga ganye.

Duk wanda ke tsakar gidan ya yi mamaki, amma ba wanda ya kai Baba Kafinta, don shi kaɗai ya san abin da ya gani. Ya san ɗanyen mangwaro. Ya san yadda yake kama zarton hannu ya riƙe, yadda danƙonsa ke cika haƙora, yadda kafaɗa ke kwana tana zogi saboda yanka ɗaya irin wannan. Rayuwarsa kaf ya yi ta yana ja yana turawa. Ga shi yau abu ya wuce kafin ya haɗiye yawu, kuma wai duk ƙarfin daga cikin 'yan akwatunan roba biyu yake fitowa, waɗanda ba su fi sabulun wanki girma ba.

"Allah mai iko," ya ce a fili, bai san ya faɗa ba.

Garin katako na zubowa, fari, mai ɗumi, yana sauka a kan hularsa da gemunsa. Ƙamshin ɗanyen itace ya cika gidan. Auta na tafiya a kan reshen, ta ɗaure gunduwa, ta yanke, ta ce "Saki a hankali!" Mai Walda da mutanensa su sassauta igiya, gunduwar ta sauko tana juyi. Ba ta yanka sai ta tsaya ta dubi inda nauyi ya karkata. Wani wurin ta fara ta ƙasa, wani wurin ta sama, kuma kowane yanka Baba Kafinta sai ya ga dalilinsa bayan ta yi shi. Yarinyar nan ta san itace. A tsaye ta san shi, da ransa, shi kuwa sai an kwantar an bushe yake saninsa.

Kwanon rufin ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan yana ƙara. Baba Kafinta ya matsa jikin taga.

"Kina ji?"

"Ina ji," Inna ta ce. "Ita ce ke wannan?"

"Ita ce. Da kin ganta! Wallahi da kin ganta."

"Ni na daɗe da ganinta, Malam."

Saura gungumen ƙarshe, wanda ya fi duka: kansa ɗaya a kan rufi daidai saitin gadon Inna, ɗayan maƙale a tsagar. Hadari kuwa ya sake haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin, ganyen saman bishiyar sun fara kaɗawa. Auta ta ɗaure gungumen wuri biyu, ta ratayo igiyoyin ta kan manyan rassan sama, ta raba maza gida biyu.

"Ku saurare ni da kyau," ta ce daga can. "Yankan nan in na fara ba tsayawa. Sai ya rabu tas a lokaci ɗaya, sannan ku ja ya tashi ya bar rufin. In ya yage da kansa, murɗewa zai yi, igiya ba za ta riƙe shi ba."

Ta gyara zama kusa da tsagar, ta yi bisimilla, ta ɗora zarto. Ya shiga. Garin katako ya yi feshi. Ya ci kwata, ya doshi rabi, ya wuce rabi. Sai ƙarar ta yi wani irin ja, kamar mai magana da barci ya ɗauke, ta mutu.

Tsakar gidan ta yi shiru. A cikin shirun aka ji itacen ya ce ƙas. Ya sake cewa ƙas.

Auta ta matsa yatsa, ba komai. Ta leƙa bayan zarton. Fitila ɗaya kore ce shar, ɗayar ja tana ƙiftawa. Ta sunkuya ta dubi gindin baturan, ɗaya da ɗigon fenti, ɗaya babu. Ta ɗago kai, ba ta nemi kowa ba a cikin taron nan sai mutum ɗaya.

"Baba. Ina ɗan'uwansa?"

Ba tsawa ta yi ba, da ma tsawar ce da ta fi sauƙi. Hannun Baba Kafinta ya shiga aljihu ya fito da batirin, ya ɗaga shi sama a gaban maƙwabta duka, jan fentin na kallon kowa.

"Innalillahi," Mai Walda ya ce, igiya na cin tafinsa. "Baba, yau ma?"

"Ba bi da bi suke aiki ba, tare suke ja!" Auta ta ce, tana sako siririyar igiya. "Ɗaya ya zauna, duka sun zauna. Ɗauro mini shi, maza!"

Iskar ta iso. Bishiyar gaba ɗaya ta yi wani jan numfashi, Auta ta yi lilo ta dawo, gungumen ya gurza a kan kwano da ƙara mai tayar da tsikar jiki. Ta taga aka ji wani abu ya faɗo a cikin ɗaki ya fashe. Baba Kafinta ya jira muryar Inna, ko salati, ko faɗa. Bai ji komai ba, kuma tsoro irin na wannan lokacin bai taɓa shigarsa ba.

Batir abu ne mai santsi, ba inda igiya za ta kama. Ya ciro hularsa ya jefa shi ciki, ya tattara bakinta, ya naɗe. Yatsun da suka shekara suna ɗaure katako a kan kura yau sun ƙi jin magana, ƙullin farko ya warware, sai a na biyu ya kama. "Ja!" ya ce. Hular ta tashi tana juyawa, iska na kaɗa ta tana bugun ganye, duk idon gidan na binta, har hannun Auta ya cafke.

Zarton na nan cikin yankan, ba ta zare shi ba. Ta riƙe shi da hannu ɗaya, ta danne tsohon batirin da babban yatsa ta zame shi, ta sake shi ya faɗo cikin taɓo. Ta tura sabon. Har ƙasa aka ji ya ce ƙas.

Abin da ya fito daga zarton nan ba muryar ɗazu ba ce. Ta fi tsayi, ta fi cika, ba rawa a cikinta ko kaɗan. Sai a lokacin Baba Kafinta ya gane cewa duk abin da ya tsaya yana wa tasbihi tun safe, da ɗingishi aka yi shi, sabo na jan tsoho. Yanzu ne ya ga injin da ƙafafunsa biyu. Sarƙar ta shige sauran itacen kamar ba itace ba, garin katako ya tashi sama ya yi fari a gaban baƙin hadarin, Auta na tsakiyarsa, ta dafe da ƙafa, kafaɗunta ba sa ko motsi.

"Ku ja!"

Suka ja. Gungumen da ya kusa kai nauyin mota ya ɗaga daga kan rufin. Ya tsaya a sama, ba abin da ke ƙarƙashinsa, yana juyawa a hankali, ruwa na tsiyaya daga ɓawonsa, sabon yankan na haske fari tas. Ya ratsa ta saman ɗakin, ya ratsa ta saman igiyar shanya, inuwarsa ta bi ta kan fuskokin mutane. Suka sassauta, ya sauko tsakiyar gida, ƙasa ta amsa har cikin ƙirjin kowa.

Sai gidan ya ɓarke da kabbara da ihu. Baba Kafinta bai tsaya ba. Ya nufi ƙofar, ya dubi katakon sama ya ga ya saki ƙyauren, ya sa yatsu biyu ya tura. Ta buɗe.

Silin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, wani ɓangarensa ya faɗo ya fasa madubin jikin bango. Inna na kwance yadda ya bar ta, ƙura ta rufe ta fari fat har gashin ido, hannuwanta a kan ƙirji. Idonta biyu. Ya durƙusa a bakin gadon.

Auta ta shigo a bayansa da ɗamararta, ta zube a ƙasa ta kifa kai a kan ƙafafun uwarta. Inna ta miƙa hannu ta dafa hular kwanon.

"Sannu, 'yar albarka. Sannu." Ta juyo da ido kan mijinta. "Da injin nan ya yi shiru, ban tambayi kowa ba. Na ce a raina, wannan aikin Malam ne."

"Don kada su ƙare ne," ya ce da ƙyar. "Na ce in ajiye ɗaya, saboda in abu ya ɓaci."

Inna ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, tausayi ne, kuma shi ya fi yi masa ciwo.

"Malam, ɗaki na kaina, 'yarka na rataye a sama. Wace rana kake jira da ta fi wannan?"

A waje ruwa ya sauko, yana dukan lotsattsen kwanon, maza na gudu suna neman leda su rufe. Baba Kafinta ya kama bakin hannun rigarsa ya shiga share mata ƙurar fuska, goshi, da kumatu, da gefen ido. Yana sharewa yana ƙarawa, har bayan ƙurar ta ƙare.